Kwamfutar da Dobrila Ta Hana Shan Iska

Duk unguwarmu a birnin Niš babu wanda bai san Dobrila da rufe taga ba. Tun tana budurwa har ta yi ritaya abinci take dafa wa 'yan firamare, cikin tururi da hayaƙi, amma ba ta taɓa bari an buɗe taga da ƙofa lokaci guda ba. Dukanmu muna tsoron promaja, iskar nan mai shigowa ta nan ta fice ta can, sai dai nata tsoron ya wuce misali. Ciwon wuya, promaja. Ciwon haƙori, promaja. Mijinta ma da likita ya ce zuciya ce ta kai shi lahira, ita ta san gilashin motar haya ne da wani marar tausayi ya sauke.

Ɗa ɗaya gare ta, Vukašin, yana aikin wayar lantarki a Suwidin. Duk Kirsimeti yakan zo, ya ci sarma, naman nan da ake naɗewa a ganyen kabeji, ya yi ta hamma, kafin ta ƙoshi da ganinsa ya koma. Bara ta tsare shi ta ce me ake ba shi a can.

"Mama, nan ba abin yi," in ji shi. "Can da mun tashi aiki sai wasa a kwamfuta, ni da abokaina."

Ta riƙe maganar. In kwamfuta ce ke janye mata ɗa, za ta ajiye masa ɗaya a ɗakinsa, ko mako guda ne ya ƙara.

An gaya mata 'yan wasa ba sa sayen haɗaɗɗiya, haɗawa suke yi. Wannan bai ba ta tsoro ba, mace ce da ba ta taɓa sayen abin da za ta iya haɗawa da hannunta ba. Ran Lahadi ta shiga kasuwar 'yan gwanjo ta zaɓo kayan yadda take zaɓen kabeji, mai nauyi, mai tsabta. Ta juye su a gaban Ljubiša, mai shagon gyaran kwamfuta a ƙasan benensu.

"Goggo Dobrila, wa ya cuce ki?"

"Haɗa min kawai, ban zo hira ba."

"Wannan ƙwaƙwalwar ta wani kamfani ce, faifan da za a ɗora ta na wani. Ba za ta zauna ba."

"To danna ta mana! Ƙato da kai."

"Goggo, kin taɓa rufe tukunyar makaranta da murfin butar kofi?"

Wannan ta gane, kuma iyakar abin da ta gane ke nan. Aka canja faifai, sai ga shi ba ya karɓar tsofaffin ram ɗin da ta sayo, 'yan allunan da kwamfuta ke riƙe aikinta a kansu. Aka kawo katin da ke zana hoton wasan, ashe shi kuma wuta yake ci, sai an nemo babban abin ba da wuta. Shi ma da ya zo, akwati ya yi masa kaɗan. Kullum ta sauka shago da amsa, ta hau sama da sabuwar tambaya. Kanta ya kulle, har ta sallama ta ce ya zaɓi komai. Akwatin ne kaɗai ta kasa haɗiyewa, duk ramuka, ga fanka gaba da baya.

"Iska ta shiga ta gaba, ta fita ta baya," Ljubiša ya yi mata bayani.

Dobrila ta zabura. "Ai promaja ke nan! Ni da hannuna in kai promaja ɗakin ɗana?"

"Goggo, inji ne fa."

"Kai ma inji ne, dubi wuyanka a karkace."

Ba ta ƙara musu ba. Da aka kai mata gida ta liƙe ramukan da salatif, ta shimfiɗa farar saƙar hannunta a kai kamar yadda ake yi wa talabijin, ta tura akwatin cikin kabad ta rufe. Sai a lokacin hankalinta ya kwanta.

Da Vukašin ya zo Kirsimeti ya ga kwamfutar, sai da ya ɗaga uwar tasa sama don murna. Ya zauna wasa, ba a jima ba abu ya fara gurnani, ya ɗauke ɗif. Ya kunna, ya sake mutuwa. Ya buɗe kabad, zafi ya buge shi a fuska.

"Mama! Kin dafa ta!"

"Kare ta na yi."

"Ita iska take so!"

"Haka kake cewa kana yaro, har kunnenka ya yi ruwa."

Ya fito da ita ya ɓare salatif, ya tura taga kaɗan, ya bar ƙofa a buɗe don ta huce. Ta tashi garas. Dobrila ta tsaya baki sake. Abin da ɗumi ke kayarwa, iska ta tayar, ita dai ba ta san inda za ta ajiye wannan a kanta ba.

Washegari ta ji shi a waya yana ɗaga ranar tafiyarsa. Daɗi ya kashe ta, ta shige kicin ta yi kukanta. Amma da ta kai masa abinci ta tarar da shi ya ba ƙofa baya, kunnuwa a toshe da abin sauraro, yana ƙyaƙyata dariya, yana hira da abokansa da wani yare da ba ta ji. Ta kira shi, shiru. Ta rasa gane ko gida ta dawo da shi, ko Suwidin ɗin ta kawo masa har ɗaki, kuma abin ya yi mata ciwo.

Ta koma ta naɗe kai da gyale, ta cusa auduga a kunne, ta jawo kujera ta zauna a bayansa, iska na ratsa ta. Can ya waiwayo, ya ɗaga abin sauraron daga kunne ɗaya.

"Mama, magana kika yi?"

"A'a, ɗana. Yi wasanka, ina nan."