Wutsiyar Kifin Malam Isiyaku

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa da rahama. Shekara bakwai kuma ke nan ina yawo da sandar fatsarsa a bayan motata, har matata ta gaji ta daina tambaya. Wata biyu suka rage aikina ya ƙare a kwalejin da nake koyarwa a nan Kuala Lumpur, in tattara nawa-i-nawa in koma Kano. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da ya shiga tsakanina da shi a gadon asibiti, da alkawarin da na ɗaukar masa, wanda ya hana ni sukuni duk tsawon shekarun nan.

Malam Isiyaku mutumin Yauri ne, ɗan Sarkawa, babansa da kakansa duk a cikin kwalekwale suka tsufa. Shi boko ya ɗauke shi, har ya zama malamin injiniya a jami'a, yana zaune da iyalinsa a unguwar Pantai Dalam. A masallacin Juma'a muka haɗu, ya ji ina yi wa wani faɗa da Hausa a waya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Bakano, a yi haƙuri, Juma'a ce." Daga nan muka wuce wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi masu shayi da abinci, muka sha shayi, kuma tun ranar bai sake kirana da sunana ba. Ni ma Basarke nake ce masa, ko a gaban ɗalibansa.

A Sikotlan, lokacin da ya je digirinsa na uku, wani tsohon Bature maƙwabcinsa ya koya masa wani irin kamun kifi da ban taɓa jin labarinsa ba. Babu tana, babu koma, babu taru. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa da siririn zare a jikin 'yar ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, sai mutum ya shiga ruwa zuwa gwiwa, ya yi ta wulwula dogon zare a iska, ya sauke ƙwaron nan a kan ruwa a hankali kamar iska ce ta yar da shi. Kifin da suke nema a can, wani mai ɗigo-ɗigo a jiki da suke kira tirawut, ruwa mai sanyi yake so. Malam in ya fara labarinsa, to ka manta da shayinka. Ya kan ce ranar da ya fara ganin kifin ya taso ya cafke gashin zakara, sai da ya ji kunyar kakanninsa da suka ƙare rayuwarsu suna jan taru, alhali ga kifi ana iya magana da shi.

Nan Malesiya babu tirawut, zafi ya yi masa yawa. Amma akwai wani kifin kogi mai manyan ɓawo, jaja-jaja, da mutanen nan ke kira kelah, kuma Malam ya rantse ya fi tirawut wayo nesa ba kusa ba. Wai tirawut yaron kirki ne, in ka yi masa ladabi zai karɓa, shi kuwa kelah sai ya zo ya duba kayanka, ya juya, ya sake dubawa, ya tafi bai taya ba. "Ɗan garinku ne," in ji shi. Ya samo wani ƙaramin kogi bayan Kuala Kubu Bharu, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai daga gari, kusan duk Asabar yana can.

Ra'ayoyinsa kuwa, sai ka ce limami a kan mumbari. A wurinsa mai sa tana ba kamun kifi yake ba, cin amanar mai jin yunwa yake. Ba ya jefa zare sai ya zauna a kan dutse ya kalli ruwa rabin awa, ya ga wane ƙwaro ne ke faɗawa, sannan ya buɗe ɗan akwatinsa ya zaɓo mai kama da shi. 'Yar ƙayar da ke bakin ƙugiya, wadda ke hana kifi kuɓucewa, shi da filaya yake danne ta, don kada ta yaga wa kifi baki. Ba ya taɓa kifi da busasshen hannu. Gashin ma ba kowanne ba: sai mu je kasuwar Chow Kit wajen masu kaji, ya tsaya yana ɗaga wuyan zakaru ɗaya bayan ɗaya, mai kajin yana dariya yana cewa da Malayanci, "Boleh, boleh," wato ba komai, ɗauki, ni kuma ina gefe ina addu'ar kada wani ɗan Najeriya ya gan mu muna tsintar gashin kaza.

Duk wannan na iya haƙuri da shi. Abin da ya fi ƙarfina shi ne in ya kama kifin, bayan duk wahalar nan, sai ya riƙe shi a cikin ruwa, ya zare ƙugiya, ya shafa bayansa, ya buɗe hannu. Ranar farko da na gani, salati na saka. Na ce, "Basarke, lafiyarka kuwa? Allah ya ba ka abinci ka mayar masa?" Ya ce kogin ƙarami ne, kifin kuma shekaru yake ɗauka kafin ya girma, in kowa ya tafi da nasa, badi duwatsu za mu zo kallo. Ya ce ya ga yadda giwan ruwa ya yi ƙaranci a gaban idonsa a gida, ba ya son ya sake gani. Ban yarda ba. Mun yi shekaru muna wannan musu, kuma duk ranar da muka dawo hannu wofi matarsa Hajiya Rabi ta ce, "Malam, ina kifin?" amsarsa ɗaya ce: "Na bar shi a gidansu."

A wani gurbi mai zurfi ƙarƙashin wata bishiya da ta sunkuyo kan ruwa, akwai wani babban kelah mai tsagaggiyar wutsiya. Malam ya sa masa suna Maigari. Sau uku ya kama shi a cikin shekara shida, sau uku ya sake shi, kuma na ukun ina wurin. Ya nuna mini tsagar da yatsa yana murmushi kamar mai nuna ɗansa.

Sai ciwo ya zo. Aka yi masa aiki a ciki, abinci ya ƙi shiga. Hajiya Rabi ta dafa duk abin da ta iya, sai ya kai cokali biyu ya kau da kai. Wata rana da yamma na je duba shi, ya ce mini babu abin da yake marmari sai farfesun kifin kogi irin na Yauri, ba kifin kasuwa da ake kiwo a tafki ba, wanda in ka ci kana jin warin dusa. Faɗa kawai ya yi, irin ta mara lafiya. Ni kuwa na ɗauke ta da gaske.

Washegari da sassafe na tono tana a bayan gidanmu a Sentul, na sayi zare da ƙugiya mai ƙaya, na kama hanya ni kaɗai. An yi ruwan sama, kogin ya yi ja. Na tafi kai tsaye gurbin nan, don nan kaɗai na sani. Ko minti ashirin ban yi ba zaren ya miƙe. Da na jawo shi bakin gaɓa, na ga wutsiyar. Ba zan yi ƙarya ba, na gan ta, kifin yana numfashi, ruwa yana taku ɗaya daga ƙafata. Na tuna yadda ƙasusuwan wuyan abokina suka fito. Na ce a raina, kifi dai kifi ne, mutum kuma mutum. Na yi bismillah na ɗauki dutse.

A gida na ce wa matata ta yi farfesu mai daddawa da citta, amma ta yar da wutsiyar. Ban gaya mata dalili ba. Ita kuwa 'yar mutan Kano, wa ya taɓa zubar da wutsiyar kifi mai tsoka haka? Ta ɗauka suɓutar baki ce, ta saka ta cikin kula, a sama ma.

Malam ya sha romon nan har yana gumi. Hajiya Rabi tana hawaye tana sa mini albarka. Ya tambaye ni inda na samo, na ce Chow Kit. Sai ya sa cokali ya juya, ya ɗago wutsiyar, ya daɗe yana kallonta. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

"Bakano," ya ce, "da me ka kama shi?"

Na ce, "Da tana."

"Tana! Shekara shida ina lallashin bawan Allahn nan da gashin zakara, kai ka je masa da tana, a jan ruwa!"

Ya fara dariya, ɗinkin cikinsa yana ja, yana riƙe da gefen gado, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Amma na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma na san ba duka na dariya ba ne. Bai ture kwanon ba. Ya cinye naman tas, har wutsiyar ya tsotse, ya ce ba za a kashe Maigari a banza ba. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Na yafe, don ni ka yi. Amma ka ɗauke wa kogin nan ɗaya, sai ka mayar masa da ɗaya. Da sandata, da ƙwarona, ka kama, ka saki da hannunka." Na ce na yi alkawari. Wannan farfesun shi ne abinci na ƙarshe da ya ci da marmari. Bayan kwana goma sha ɗaya muka kai shi makwancinsa a nan garin.

Na ɗauka abu ne na wata ɗaya. Ashe ban san komai ba. Na kama reshen bishiya ya fi a ƙirga, na kama hulata, sau ɗaya na kama kunnena har sai da aka kai ni kilinik. Zaren da ke miƙewa a hannun Malam kamar an ja layi, ni a ƙafata yake taruwa. Ƙwarin da ya bari a akwatinsa suka yi ta ƙarewa a kan bishiyoyi, dole na koyi ɗaurawa da kaina, da tabarau a kan hanci, ina kallon bidiyo a waya. Na koma Chow Kit neman gashi, na tarar tsohon mai kajin ya bar wa ɗansa shagon, kaji kuma a fige suke iso masa. Sai da na yi ta bayani da guntun Malayancina kafin ya gane, ya yi mini alkawarin zai riƙa ajiye mini.

Sau da yawa ina tsaye cikin ruwan nan ina tunanin me Malam zai ce da ya ga yau. An gina ɗakunan 'yan hutu a saman kogin, ranar Asabar kiɗa har bakin gurbin Maigari, ruwan kuma ya fi daɗewa da ja bayan an yi ruwan sama. Wannan zai ɓata masa rai ƙwarai. Amma da zai ga samarin Malayu da ke zuwa yanzu da irin sandarsa, suna kamawa suna saki, da ya yi ta yi mini gori har mu iso gida. Ɗaukar hoton da suke yi ne kawai ba zai lamunta ba, a ɗaga kifi sama yana haƙi ana gyara tsayuwa. 'Yarsa Aisha, wadda yake goyawa a wuya a bakin kogin, yanzu tana jami'a, in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa. Duk da haka ita ce duk shekara take turo mini saƙo: "Baffa, an kama?" Ni kuma in ce tukuna.

Asabar ɗin da ta wuce na je, ina lissafin saura Asabar nawa suka rage mini a ƙasar nan. Tsoron da nake ji shi ne in hau jirgi da alkawarin mamaci a wuyana, in je inda babu kelah balle in cika. Ban jefa zare ba. Na zauna a kan dutsensa, na kalli ruwa, abin da ya yi ta faɗa mini shekaru ina jinsa kamar surutu. Can na lura wasu ƙananan tururuwa masu fiffike suna faɗowa daga bishiyar, ruwa yana ɗan motsi a ƙarƙashinsu. A akwatin saura ƙwaro ɗaya tak na ɗaurin hannun Malam, baƙi, ƙarami, wanda na yi ta adanawa don ba na son in rasa shi. Na ɗaura shi. Jifa na farko ya faɗi a ƙafata kamar kullum. Na biyu ya sauka inda nake so.

Ba babba ba ne, da kaɗan ya fi tafin hannuna. Na jiƙa hannu, na riƙe shi a cikin ruwa, ƙugiyar ta fita ba gardama don Malam ya riga ya danne ƙayarta. Ina jin ƙarfinsa yana motsi a tafina. Kuma don kada in yi wa masu karatu ƙarya, sai da zuciyata ta raya mini yadda zai yi daɗi a soye da yaji. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta juye ta zama kuka, dattijo da furfura tsaye cikin kogi. Na buɗe hannu. Ya ɗan tsaya kamar bai yarda ba, sannan ya kaɗa wutsiya ya shige ƙarƙashin bishiyar.

Malam bai bar gida a garin nan ba, bai bar littafi da sunansa ba, sandar ma gobe zan kai wa Aisha, tata ce. Abin da na san ya bari shi ne ya ɗauki Bakano mai taurin kai irina, wanda bai taɓa sakin abin da ya shiga hannunsa ba, ya sa shi ya yi shekara bakwai yana koyon buɗe hannu. Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.

Da na iso Sentul, wandona a jiƙe har cinya, matata ta buɗe ƙofa ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Ta ce, "Yau kam da alama an dace. To ina kifin?"

Na ce, "Na bar shi a gidansu."