Wanda Alhaja Ta Tsallake A Agege

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ƙanwata, da sabon littafin rubutu a jakata. Baffa ne ya tayar da wannan tafiya, yayan mahaifinmu, dattijon da ya rage a gidanmu na gado. Tun da ya ji ana maganar ƙidaya a rediyo ya rasa sukuni. Ya ce idan masu ƙidaya suka zo, mutum shida za su tarar a gidan da a da ake ɗora tukunya uku. Abin da ya fi ci masa rai, a duk zuri'ar babu mai sunan mahaifinsu, Malam Sulaimanu, har ya ce a bar ɗakin Malam ya rushe da damina tunda ba magaji. Reshe guda ya rage ba mu bincika ba, na Garba, ƙanin Baffa, da ya tafi Ikko fataucin goro yana saurayi, ya yi aure can, ya rasu can. Na ce a yi waya. Baffa ya ce shi bai yarda da ƙidayar da ido bai gani ba.

Hanya dai sai haƙuri. A Mokwa muka ci doya da ƙwai, a gadar Jebba ƙanwata ta rufe ido tana salati har muka tsallake. Daga Ilori ƙasa ta koma kore shar. A Badun na sayi lemo cike da leda da kuɗin da a Kano ba zai ba ni biyar ba, amma da na taya albasa sai na mayar wa mai ita a hankali kamar ƙwai.

Washegari da hantsi muka sauka a Ikko. Wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu ya tarbe mu, ya ce Alhaja ce ta aiko shi, wato matar marigayi Garba. Kowa a tasha Oga Baba yake ce masa. Ya cusa mu a danfo, motar hayarsu mai ruwan ɗorawa, yana faɗa da kwandasta da Yarbanci, yana juyowa yana mana sannu da Hausa.

Agege ta ba ni mamaki. Ga mai shayi, ga mai waina, ga buhunan goro, ka rantse wata unguwa ce a Kano, sai ka ji yaran da ke wasan ƙwallo suna zagin juna da harshe uku. A layin su Alhaja kawai na gaisa da Bakatsine, da mutumin Maraɗi mai ce wa makaranta lakwal, da wata ma'aikaciyar jinya daga Filato da ta fi ni iya ciniki da Hausa.

Alhaja ta rungume ƙanwata tana kuka tana dariya, aka kawo tuwo da amala a tire guda. Bayan la'asar na buɗe littafi, ta fara jero 'ya'yanta, aka yi ta kiran jikoki ɗaya bayan ɗaya ina gani ina rubutawa. Akwai mai gyaran waya, akwai malamar makaranta, akwai wanda ke sayar da raguna a Alaba Rago. Wata jika ta ce min, "Sannu fa, Broda, ka rubuta ni da kyau o." Mutum talatin da huɗu na samu. Na ji daɗi ƙwarai, amma na bi sunayen sau uku, babu Sulaimanu. Gaskiya jikina ya yi sanyi, don na san fuskar da Baffa zai yi.

Oga Baba kuwa kullum yana gidan, shi ke kawo cefane, amma Alhaja ko kallonsa ba ta yi. Da na tambaye ta ko wane ne, sai ta kau da kai ta ce, "Wani ne nan." Na ɗauka maƙwabci ne mai kirki.

Ranar da za mu dawo ya kai mu mayankar Oko-Oba inda yake sana'ar fawa. Shanu, 'yan dako, masu fata, hayaniya kamar za ta tsaga kunne. Ya sa aka gasa mana hanta, ina ci ina masa alfahari da littafina, har na karanta masa sunayen. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To Malam, ni ina nawa?"

Na ce, "Ai na iyalan Baba Garba ne kawai."

Ya yi dariya har ya dafa teburin nama. "Ni ne fa na farinsu! Sunan kakanmu gare ni, shi ya sa ake ce min Baba."

Ƙanwata ta kama haɓa ta ce, "Yaya, kai ma fa ɗan fari ne. Yaushe ka taɓa jin Inna ta kira sunanka?" Kunya ta rufe ni. Shekara hamsin Alhaja ta yi a Ikko, ta iya Yarbanci, ta iya amala, amma kunyar ɗan fari da ta sunan suruki tana nan yadda ta zo da ita. Da muka koma na yi mata ƙorafi, sai ta ja mayafi ta ce, "Haba ɗan nan, ni da bakina?" Muka wuce gidan Oga Baba, na rubuta matarsa Bayarbiya da 'ya'ya da jikoki, mutum goma sha ɗaya.

Tafiyar nan ta koya min cewa gidanmu bai ƙare ba, wuri ya canza. Ta kuma koya min cewa duk wanda zai ƙirga 'ya'yan Bahaushiya ya tambaye ta, "Har da na farin?"

Da muka iso na zauna gaban Baffa a zaure na karanta masa sunayen, na ajiye na Oga Baba, Sulaimanu, a ƙarshe. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce, "Je ka kira min magini kafin ruwa ya sauka. Ɗakin Malam da mai shi."