Saƙon da Akawu Ya Manta Bai Goge Ba

Shekara ashirin da biyu Akawu ya yi yana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago da ke kallon ƙofar kotu. Tebur ɗaya ne, da benci, da fanka mai ƙara, sai kwamfutar da harafi uku suka goge a jikin madanninta. Takardar koke, ta neman aiki, ta rantsuwa, duk ya san yadda ake buɗe su da yadda ake rufe su. Da wayoyi suka yawaita sai benci ya fara wuni babu kowa.

A irin wannan zaman ne ya fara koyon yadda ake sa shafin intanet ya amsa wa mutum, wato a danna maɓalli abu ya faru. Yaren da ake rubuta umarnin da shi ana ce masa JavaScript, kuma wata malama ce ke koyarwa a bidiyo. Yakan rage murya, in ya ji takun mutum ya yi maza ya rufe, don ba ya so a ga mai furfura a gemu yana bitar darasin 'yan farko. Matarsa kaɗai ta sani.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. Waƙafi ɗaya zai ɓace, shafi ya yi tsit kamar an ɗauke wuta, ya wuni yana nema. Malamar ta ce a riƙa sa ɗan saƙo ya fito a allo don a gane inda aiki ya tsaya. Shi kuwa haushin kansa ya sa saƙonninsa duk zagi ne. In ɗaya ya fito, sai ya yi tsaki, ya gyara, ya ci gaba.

Matarsa ce ta yi suɓutar baki a gidansu. Mahaifinta shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, ya daɗe yana fama da rajistar 'yan ƙungiya a littafi. Ya aiko cewa a yi musu shafin da kowa zai sa sunansa da lambar waya. Suruki ba a ce masa a'a. Akawu ya yi mako uku a kai, ya gwada ya fi sau hamsin, kullum da kowane gurbi a cike.

Ranar taro aka haska shafin a bangon zauren ƙungiya, dattawa kusan arba'in suna zaune. Aka ce shugaba ya fara. Surukin ya gyara tabarau, ya rubuta sunansa da yatsa ɗaya, ya tsallake gurbin lambar waya, ya danna maɓalli. Rubutu ya fito a bango, ɓaro-ɓaro:

"Kai dai jaki ne. Shekara nawa kana abu ɗaya ba ka iya ba?"

Wani tsoho mai raunin gani ya ce a karanta masa, na kusa da shi kuwa ya karanta da ƙarfi kafin ya ankara. Sai tarin ƙarya ya tashi nan da can. Akawu ya zare wayar majigin, ya ce na'ura ce ta samu matsala, alhali kowa ya ga na'ura lafiyarta lau. Ya fita ko hularsa da ya ajiye a kujera bai ɗauka ba.

Kwana goma sha tara bai taka layin surukansa ba. Matarsa ta ce ya je ya ba da haƙuri, ya ce da wane ido zai dube shi.

Wata ranar Laraba da hantsi sai ga surukin a bakin shago. Akawu ya miƙe har yana ture kujera, ya durƙusa ya gaishe shi, idonsa a ƙasa. Dattijon ya zauna a benci, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Wannan maganar, da wa kake?"

"Da kaina nake, Baba. In na yi kuskure nake rubuta wa kaina. Mantawa na yi ban goge ba."

Surukin ya ce, "To mijin 'yata kake zagi ke nan. Ban ba ka izini ba." Ya miƙe, ya ce mutanensa har yanzu ba su yi rajista ba, ranar Asabar yake son abin.

Akawu ya bi rubutun layi-layi, ya tarar da wasu zagin guda shida, biyu sun fi na farko muni. Ya goge su, ya sa "Don Allah a cika lambar waya." Shafin ya yi aiki, har wata makaranta da wani ɗakin shan magani suka nemi irinsa, yanzu rabin aikin shagon ke nan. Sai dai taron ƙungiyar bai ƙara zuwa ba. In ya hango tsohon nan da ya karanta da ƙarfi yana tahowa ta ƙofar kotu, sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur kamar mai neman wani abu, har ya wuce.