Jinin Yaya a Cikin Ƙaho

Shekarar da aka rufe hanyoyi, ake ta binne dattawa a birni, zazzaɓin nan mai tari ya kama yayana. Shi ke noma abin da muke ci, ni da Inna da 'ya'yansa, a ƙauyenmu na bayan Tsanyawa. Da numfashinsa ya fara sarƙewa, da ƙyar da roƙon masu shingen hanya muka kai shi wani babban asibiti a Kano. Ni na zauna jinya.

Zazzaɓi ya sauka, har na fara naɗe tabarma, sai wata likita ta ce in dakata. Ta ɗebi jininsa, kuma da yake na ishe ta da tambaya, ta bar ni na leƙa ɗakin gwaji. Wata na'ura ce mai ɗan kofi kamar murfin kwalba. A zuba jinin, siririn tsinke yana ciki yana jin yadda jinin ke kamawa. Zane ya fito a allo, nan da nan ya buɗe ya yi ciki kamar tulu.

"Na mai lafiya a hankali yake buɗewa, kuma ba ya kai haka faɗi," in ji ta. "Cutar ta sa jininsa saurin daskarewa. Gudan jini zai iya taruwa a ƙafa, in ya ɓalle ya tafi huhu, babu lokacin neman mota." Ta ba shi maganin tsinka jini. Ta ce in ƙafa ta kumbura kada kowa ya murza, a dawo da shi.

Sai labari ya zo an yi ruwan shuka a gida. Yaya kuwa kai gare shi kamar dutse. Ya ce gero ba ya jiran likita, muka tattaro. Maganin ma ya ajiye shi a saman katanga, wai manomi da tsinkakken jini ina zai iya ɗaga garma? Na yi faɗa, na yi kuka, har a kunu na ɓoye masa, ya gane ya zubar.

Yana gama shuka ƙafar hagu ta kumbura, ta yi zafi. Inna ta aika aka kira wanzami.

"Inna, don girman Allah kada a taɓa ƙafar nan. Likita ta hana."

"Ke rufe mana baki. Zaman jinya ne ya mai da ke likita? Ubanku da ƙaho ya rayu."

Wanzami ya tsaga, ya kafa ƙahonsa a sha-raɓa, ya zuƙa. Da ya juye a ƙasa, jinin ya faɗo baƙi, dunƙule kamar hanta. Kowa ya yi hamdala, wai ga mugun jinin ya fita. Ni kuwa tulun nan na allo nake gani.

Na zari mayafi na yi bakin titi. Babu mota ko ɗaya, ranar kulle ce. Na bi gida-gida ina roƙo, har na durƙusa wa wani mai babur, ya tausaya ya biyo ni.

Na tarar Inna ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta shafa man shanu, tana murzawa daga idon sawu zuwa gwiwa da dukkan ƙarfinta, tana yi masa addu'a. Yaya ya dube ni ya yi dariya.

"Sarkin tsoro, kin ga har na ji sauƙi."

Na ce ya dai taso mu tafi. Ya miƙe don ya raba ni da kuka, ya taka zuwa zaure, sai ya dafe ƙirji yana neman iska. Mai babur bai ko kashe injinsa ba.

Geron da ya shuka ya yi kyau a shekarar, mu muka girbe. Inna ta tsufa yanzu, ba ta gani sosai. Duk sanda aka ambace shi sai ta ce, "Da mun yi masa ƙahon nan da wuri, da yana nan." Ni kuma in ce, "Allah ya jiƙansa, Inna," in gyara mata filo.