Gudun Hambali Mai Rijiya

Hambali ɗan Zandam ne, kuma tun yana saurayi haƙar rijiya ce sana'arsa. Daga ƙauyukan Gwaram har Kiyako da Wurno, da wuya ka sha ruwa a gari uku ba ka sha na rijiyarsa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu, ba ya kuma son sauri.

Yana da shekara hamsin da takwas wata ƙungiya ta zo neman wanda zai jagoranci gyaran tsofaffin rijiyoyi. Aka ce duk mai so ya je Birnin Kudu ranar Litinin da "tirak rekod" ɗinsa. Hambali ya nufi gidan Malam Kamaluddeen, tsohon hedimasta, wanda in ka tambaye shi kalma sai ya fara maka daga kakanninta.

"Daga filin tsere maganar ta fito," in ji Malam, yana gyara tabarau. "Tirak shi ne filin gudun. Rekod kuwa rubutun da ake ajiyewa, cewa wane ya zagaye fili cikin minti kaza. Daga baya sai Turawa..."

Sai ladan ya kira La'asar. Malam ya tashi neman buta, Hambali kuma ya tafi da abin da ya samu.

Kwana biyar ya yi yana zagaya filin firamare da sassafe, ya tattare wando har gwiwa. Matarsa Turai tana zaune a gefe da waya tana duba lokaci.

"Maigida, akuyar maƙwabciyarmu Mero ta wuce ka," ta ce.

"Ke dai rubuta."

Ranar Litinin ya shiga ofishin yana ɗingishi, ya miƙa wa jami'ar ƙungiyar, Hajiya Juwairiyya, takardarsa.

"Zagaye biyu, minti goma sha ɗaya. Ranar Alhamis faɗuwa na yi, shi ya sa wurin babu komai."

Hajiya ta karanta, ta dube shi, sai ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye. Da ta natsu ta ce, "Baba, ayyukan da ka yi a baya muke nufi, mu ga yadda suka kasance."

Hambali ya ce, "Ashe rijiyoyi. To, da Hausa ta ƙare ne?" Can ya ce, "Takardarsu kam ba ni da ita. Amma in kuna da mota da guga, mu je."

Rijiya bakwai suka leƙa ran nan, shida da ruwa. Ta bakwai ƙaf take.

"Wannan na ce kada a haƙa a nan," in ji shi. "Mai unguwa ya ce sai dai kusa da ƙofar gidansa."

Aka ba shi aikin. Makon farko a kan kujera ya yi shi, ƙafa a miƙe, yana nuni da sanda. Cikin shekara uku ya gyara rijiya arba'in da ɗaya, sannan ya koma gona.