Mai Farar Riga a Tashar Makarfi

Rubuta, Wasila 'yata, tun bai kuɓuce mini ba.

Akwai wani mutum a tashar Makarfi, ban san sunansa ba. Furfura ta ci gemunsa, amma farar rigar ɗaliban likitanci ce a jikinsa, wankakkiya tas, wuyanta har ya soma yagewa. Motar Zariya kawai yake tsarewa. Da ya ga yaro da katifa da bokiti sai ya matso, ya kama masa igiya.

"Samari, jami'a za ka? Ka nemi ɗakin sama. Ta taga kana ganin 'yan'uwanka suna karatu a gindin bishiya."

Ɗan kamasho ya raɗa mini, "Baba, bai taɓa wuce bakin ƙofar jami'ar ba. Ya yi ta jarrabawa, sunansa bai fito ba."

Mota ta tashi, yana ta ɗaga hannu har ta sha kwana.

Ke ma sunanki muke jira. Jiya na ga kina gwada farar rigar ƙawarki a madubi, sai mutumin nan ya faɗo mini a rai.

Me ya tsayar da ke? Rubuta.