Tafasar da Na Shuka a Makarantarmu

Ni ba mai riƙe abu a rai ba ce. In aka yi mini, a wurin nake faɗin nawa in wuce. Amma akwai abu guda da ya ƙi barina, har na haƙura, na san da shi za a kai ni rami. A kan tafasa ne. E, tafasa dai, ganyen nan da ake takawa a bakin hanya a ƙasarmu.

Ina ajin ƙarshe na firamare a Sabha lokacin, a shekarun da arzikin man fetur ya buɗe wa Libiya. Duk inda ka juya gini ake yi, wanda ka sani jiya a kan jaki yau ga shi cikin mota. Mu kuwa fari ne ya koro mu daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram. Babana yana aikin gonar dabino a Gudduwa, sai Juma'a muke ganinsa. Ni da Inna muna ɗakin haya a unguwar Manshiya, bayan wani gareji, tsakar gidan siminti ne tun daga ƙofa har bango.

A ƙasan akwatin Inna akwai wani ƙullin tsumma. Irin tafasa ne. Kakata ce ta ɗaure mata shi ranar da za mu taso, ta ce ganyen nan ne ya riƙe mu da gero ya ƙi, kada ta raina shi a ƙasar mutane. Ba mu daɗe da zuwa ba aka aiko kaka ta rasu. Inna ba ta da inda za ta shuka, sai dai wani lokaci ta kwance ƙullin, ta juya irin a tafin hannu, ta mayar.

Da muka shiga zangon ƙarshe kafin hutun bazara, malamarmu, wata Bamisiriya da muke kira Abla, ta ce za a yi gasar lambu. Kowane ɗan ajinmu za a yanka masa ɗan fangali a bayan makaranta. Wanda nasa ya fi kyau za a tafi da shi Tarabulus tare da zakarun sauran makarantu, ya ga teku. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin ƙauyenmu ba, nan take na sa rai. Na ga kowa tumatir da albasa da na'ana'a, na ce ni sai na kawo abin da babu mai shi.

Na dami Inna. Da safe magana, da rana magana. Na rantse mata in ta ba ni, zan dawo mata da iri cike da kwano, har Baba ya watsa a gefen gonar ubangidansa. Wannan ce ta karya ta. Ta miƙo mini ƙullin gaba ɗaya, ta ce, "Ki bar ta ta yi 'ya'ya, ɗiyata. Kyautarsu ba ta dame ni ba, irin nake so."

Fangalina ne na ƙarshe, can jikin katanga, kusa da inda ake gina sababbin ajujuwa. An kafa wa kowa ɗan katako da sunan abin da ya shuka. Ni Abla ta tambaye ni sunan abin da na shuka da Larabci, ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Ta ce in ta tuna za ta bincika. Ba ta tuna ba. Haka nawa ya zauna babu alama.

Ta fito kuwa. Ban san tafasa tana da kyau ba sai da na gan ta a cikin yashin Sabha, kore shar, da yamma ta naɗe ganyenta kamar mai jin kunya. Yaran ajinmu suna toshe hanci, suna cewa baƙar yarinya ta shuka ciyawar awaki. Na mari ɗaya, aka tsayar da ni a rana, ban damu ba. Kullum in na koma gida Inna sai ta tambaye ni ina ta kai. In nuna mata a ƙafata: yau ƙauri, gobe gwiwa. Ranar da na ce mata fure ya fito, ruwan ɗorawa, sai da ta tashi ta yi shara ba dalili.

Ana gobe alƙalan gasa za su zo, mudir, wato shugaban makaranta, ya ce a gyara harabar tas. Ya sa leburorin ginin nan su cire duk ciyawar da ke jikin katanga. Ni ban sani ba, muna cikin aji ana koya mana waƙar tarbar baƙi. Da aka tashe mu na ɗauki bokitina na nufi fangali. Babu komai. Ƙasa ce kawai a birkice, da sawun takalman roba.

Sai na ji ƙamshi. Na san shi tun kafin in gane ko na mene ne. Na zagaya bayan ginin, na tarar da leburorin zaune a inuwa sun kewaye wani babban kwano. Mutanenmu ne, 'yan Nijar. Sun dafa tafasata a gwangwani, sun kwaɗa da ƙuli da barkono, saiwoyin da furannin suna zube a gefe cikin toka. Wani dattijo a cikinsu ya ɗago ya gan ni, fuskarsa cike da murna.

"'Yar gida ce, wallahi," in ji shi. "Zo ki sa hannu, ɗiyata. Tafasa ce Allah ya fitar mana a ƙasar Larabawa."

Na ce, "Allah ne ya ɗebo mata ruwa a bokiti, Baba?"

Ban tsaya nan ba. Na gaya musu maganganun da yarinya ba ta gaya wa sa'annin ubanta, ina yi ina kuka. Hannuwansu suka tsaya a cikin kwano. Dattijon ya yi ta salati. Ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin an shuka tafasa ba, a gida ta kowa ce, wanda ya gani ya tsinka. Sun ga sauran fangalin da katako sun bar su, wannan kuwa sun ɗauka ruwan famfo ne ya tsirar da ita. Wani saurayi ya shiga tona tokar ko zai sami mai rai. Babu. Ba ta ma fara 'ya'ya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya dattijon ya faɗa. Na so a ce mugu ne ya yi mini, in sami wanda zan tsana. Sai ga mutanen da rabonsu da ganyen gida tun barinsu gida.

Ya juye ragowar a wani ɗan kwano, ya rufe da murfi, ya ce in kai wa innata, in ce wani tsohon wawa yana neman gafara. Na so in watsar a hanya. Ban san abin da ya hana ni ba.

Inna ta saurare ni har na gama. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta buɗe kwanon ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sun sa ƙuli kuwa." Ta ci a hankali, loma ƙanana, ta suɗe hannu. Ta ɗauko tsumman da babu komai a ciki, ta ninke, ta mayar ƙasan akwati.

Washegari alƙalai suka zo da manyan motoci. Da suka iso kan fangalina, Abla ta ce musu wannan yarinyar ba ta yi ƙoƙari ba. Wata yarinya ce ta ci, da furannin da direban gidansu ya kawo cikin tukwane aka binne da safen nan. Ita ta ga teku. Ni har na gama sakandare ban gan shi ba, kuma yanzu ba na ma so.

Inna ba ta sake komawa gida ba. A nan Sabha muka binne ta, kuma wannan kwanon shi ne ƙarshen tafasar da ta ci a duniya. Mutane suna cewa ai ganye ne. Su ne suka san haka.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. A ƙasar da ba taka ba, abin da ba a san sunansa ba ciyawa ne, ko da shi kaɗai uwarka ta mallaka. Kuma ba lalle maƙiyi ne zai raba ka da shi ba, yana iya zama naka, mai kewar abin da kake kewa. Tun daga ranar, duk abin da na shuka sai na kafa masa katako, da hannuna, da sunan da muke kiransa.